Ƙusoshi a Tayar Baya

Daminar farko bayan soja sun sauka daga mulki, ita ce daminar da na fara hawa babur a kan aiki. A lokacin ni ƙaramin ma'aikacin lafiya ne a Wudil, ban daɗe da gama makaranta ba. Duk ranar Talata nakan ɗauki allurar riga-kafin yara a cikin kula mai ƙanƙara, in kai ta wani ƙauye a yankin Achika, in yi wa yara, in dawo kafin la'asar. Shekara biyu ina wannan zirga-zirga a kan keke. Sai rana ɗaya aka kira mu a wurin aiki aka ce an kawo babura, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Nawa ja ne. Ranar sai da na zagaya gari sau uku kafin in kai shi gida, ba don ina da wurin zuwa ba.

Garin ma a lokacin cike yake da ɗoki. Hotunan 'yan takara ba su gama ɓarewa daga jikin bango ba, kuma duk majalisar da ka wuce gardama ake yi da ƙarfi, ba mai waiwaye kafin ya faɗi ra'ayinsa. Wasu har rantsuwa suke yi cewa kafin shekara ta zagayo kwalta za ta kai kowane ƙauye. Ni dai na ga rabona, ga shi a tsaye a ƙofar gida yana ƙyalli.

Ban fi sati uku ina jin daɗinsa ba ruwa ya sauka sosai. Idan ka bar kwalta ka bi burji, kafin ka isa ƙauyen akwai wata fadama da hanya ta ratsa ta tsakiyarta, rake dama da hagu. Ƙasar wurin baƙar laka ce. In aka yi ruwa samanta yakan zama kamar an shafa sabulu, ƙarƙashinta kuwa da tauri. Da keke ba ta dame ni ba, don nakan sauka in saɓa shi a kafaɗa in wuce. Babur kuwa ba ya saɓuwa. Talatar farko na faɗi sau ɗaya, na tashi na kakkaɓe. Ta biyu tayar baya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana watsa mini taɓo har ƙeya, daga ƙarshe ta zame muka kwanta ni da shi a gindin rake. Turawa na yi ta yi har na fita. Lokacin da na isa an yi azahar, ƙanƙarar ta zama ruwa, allurar ba ta da sauran amfani. Matan da suka zauna jirana tun hantsi da goyonsu duk sun watse, sai wata tsohuwa da ta tsaya don ta gaya mini sun jira. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

A zauren gidanmu na tarar da Baffa, ƙanin mahaifina. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru masu yawa yana kai kaya Mambila da Chadi kafin idonsa ya fara rauni ya ajiye. Tun da ya ajiye ba ya rabuwa da zauren nan da rediyonsa, kuma ba ya cika magana. Ya dubi farin wandona da ya koma baƙi. Sai ya tashi ya fita wurin babur ɗin, ya tsuguna, ya shafa tayar baya da tafin hannunsa.

"Wannan ai 'yar birni ce," in ji shi. "Don kwalta aka yi ta. Kai ka kai ta inda ba ta san kowa ba."

"To Baffa, yaya zan yi? Ba wata hanyar sai wannan."

"Mu a kan dutsen Mambila sarƙa muke ɗaura wa taya in ruwa ya yi yawa." Ya leƙa tsakanin tayar da ƙarfen da ke riƙe ta, ya zura yatsa, ya girgiza kai. "Nan ba wurin sarƙa. Za ta kama ta injin ta karya maka ƙafa."

Ya ci gaba da kallon tayar. Can sai na ga fuskarsa ta sake, irin yadda ban taɓa gani ba tun da ya bar tuƙi. Ya ce a can saman dutsen ya taɓa ganin wani bakanike da ya ɗaɗɗaura gajerun ƙusoshin murɗawa a haƙoran tayar babur ɗinsa, kawunansu a waje, yana hawa tudu mai santsi ana kallonsa. Bai tambaye shi yadda ya yi ba, don a lokacin bai ɗauki babur a bakin komai ba. Amma ya gani da idonsa.

"Ƙusa a taya, Baffa? Ai ita ake gudu."

"Wadda ta shiga da kanta ake gudu. Wannan mu za mu sa ta, mu ce mata ga iyakarki."

Washegari da safe ya sa babbar rigarsa muka tafi wurin mai faci da ke bakin tasha, wani dattijo sa'ansa da ya daɗe yana yi masa facin tayoyin babbar mota. Sai da suka gaisa tun daga iyali har gonaki har ciwon gwiwa kafin Baffa ya kawo maganar. Mai faci ya yi dariya har ya ajiye abin da yake riƙe da shi.

"Direba, ni aikina cire ƙusa daga taya. Yau kai ka zo in sa?"

Amma yana dariyar yana jawo wata tsohuwar taya daga tarin da ke bayansa. Ya ce da wannan tayar tawa ba zai yiwu ba, naman jikinta ba shi da kauri, sai an samo mai manyan haƙora irin ta shiga daji. Ya san inda za a samu. Ya yanka tsohuwar tayar da wuƙa ya nuna mana cikinta: ga haƙori, ga zaren da ke ƙarƙashinsa, ga inda tib yake kwanciya. In ƙusa ta wuce zaren nan, in ji shi, to mun yi wa kanmu. Ya karyo tsinken tsintsiya ya gwada tsawon haƙori, ya rage kaɗan, ya datse shi da haƙorinsa ya miƙa wa Baffa.

"Ga awonku. Duk wadda ta fi wannan tsawo, ko da ƙwayar gero ce, kada ku kawo mini."

Baffa ya naɗe tsinken a takarda ya sa a aljihun gaba. Daga ranar har Juma'a ban ji rediyonsa ba. In na shigo zaure sai in tarar yana zane a ƙasa da yatsa, yana shirya inda kowace ƙusa za ta zauna. Ni ma abin ya shige ni. A wurin aiki ina wanke kayan allura, hankalina yana kan taya.

Ranar Juma'a kasuwar Wudil take ci. Muka ratsa ta wajen masu kifi da masu tukwane, muka bi bayan kara inda kukan shanu ba ya barin ka ji maganar na kusa da kai, har muka isa layin masu tsofaffin ƙarafa. Akwai wani mutum a can da ba ya sayar da komai sai noti da ƙusa. Yana zaune a tabarma, gabansa farantai da gwangwanaye cike da abin da ya kwance daga jikin matattun motoci da firji da rediyo. Baffa ya tattare riga ya zauna a gabansa kamar wanda aka gayyata cin abinci.

Ban taɓa sanin ƙusar murɗawa tana da iri haka ba. Ni da na ga wasu masu ruwan zinare suna sheƙi sai na ɗebo su na ce waɗannan sun yi kyau. Baffa ya karɓi ɗaya, ya zaro magagari daga aljihu, ya goga sau biyu. Kan ya cinye kamar alewa.

"Ka gani? Wannan ta ado ce. Kafin ka kai burji ta ƙare."

Mai ƙusa ya turo wani faranti na baƙaƙe masu faffaɗan kai. Sun yi tauri, magagari bai kama su ba, har na fara murna. Baffa ya juya ɗaya a tafin hannu ya ce kanta sumul yake, ba abin da zai ciji ƙasa, santsi ne za mu ƙara wa santsi. Wasu kuma kansu ya yi, amma zaren jikinsu ƙanana ne, na shiga ƙarfe, ya ce roba ba za ta riƙe su ba, za su yi ta zubewa a hanya muna yi wa masu keke shuka. Duk wadda ta tsallake wannan sai ya fito da tsinken tsintsiya ya jera su. Da yawa a nan suka faɗi.

Mai ƙusa ya kasa haƙuri ya tambaya me za a ɗaure da su haka. Da na gaya masa sai ya dube ni, ya dubi Baffa, ya ce shekararsa ashirin a wannan sana'a ba a taɓa zuwa masa da irin wannan ba. Maimakon ya gaji sai ya tashi ya shiga cikin rumfa, muka ji yana ta jan kaya. Ya fito da wani gwangwanin madara da ya yi tsatsa, ya juye shi a tabarma. Gajeru ne, masu kauri, zarensu manya, kansu mai kusurwa shida da ɗan gefe mai kaifi. Ya ce daga jikin wata tsohuwar motar ɗaukar marasa lafiya ya kwance su, ba wanda ya taɓa tambayarsu.

Baffa ya goga magagari, ya yi ƙara bai ci ba. Ya jera da tsinke, tsawon ya zo daidai kamar an yanka don mu. Ya daɗe yana juya ƙusar a tsakanin yatsunsa.

"Ita ce," ya ce a hankali.

Na ji kamar an ce na ci jarrabawa. Muka zauna mu uku muna tsince su ɗaya bayan ɗaya, muna ware masu lanƙwasa da waɗanda tsatsa ta ci. Makwabtan rumfa suka taru a kanmu, kowa da shawararsa. Wani ya ce a jiƙa su a baƙin mai, wani ya ce ba za a kai ko'ina ba tayar za ta fashe. Kiran sallar Juma'a ne ya tashe mu. A masallaci ƙusoshin suna aljihuna a ƙulle cikin hankici, duk sujada sai na ji nauyinsu.

Ranar Asabar muka kai wa mai faci. Ya samo tayar, haƙoranta manya kamar gutsattsarin rogo. Kafin a fara sai gardama ta tashi tsakanin dattawan biyu. Baffa yana so a sa ƙusa a kowane haƙori, har na tsakiya. Mai faci ya ce a bar layin tsakiya, don shi ke taka kwalta, a sa a gefe da gefe kawai.

"Ƙarfe a kan kwalta ba ya riƙo, Direba."

"Yaron nan laka ce ta kayar da shi, ba kwalta ba. A cika ta."

Mai faci ya ɗaga kafaɗa ya ce to. Shi yake huda ɗan rami da basilla, ni ina murɗawa da ƙaramar sifana, Baffa yana zaune a benci yana duba kowace ɗaya, in ta karkace ya sa a kwance a sake. Bayan an gama mai faci ya zura hannu cikin tayar ya shafa ko'ina a hankali, idonsa a rufe, yana neman tsini. Bai samu ba. Duk da haka ya yanka tsohon tib ya shimfiɗa a ciki kafin ya sa sabon. Da aka ba ta iska aka ɗaura, tayar ta fito kamar bushiya. 'Yan acaɓan tasha suka bar fasinja suka zo kallo.

Na hau na tayar. Daga taka kwalta sai ƙara ta tashi, ƙaf-ƙaf-ƙaf, kamar ana jan buhun kwalabe. Mutane suna juyowa, ni kuwa ina ta washe baki. Na ƙara wuta. Wajen kwanar da ke gaban tasha wata akuya ta tsallako, na taka birki, sai bayan babur ɗin ya tafi gefe kamar ba nawa ba. Allah ya taimake ni na sa ƙafa na tsaya ban faɗi ba. Waɗanda suke wurin sun ce har tartsatsin wuta suka gani. Na juyo a hankali.

Duk sun gani daga inda suke. Mai faci ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma. Baffa ya tashi daga benci, ya karɓi sifanar a hannuna, ya tsuguna da kansa ya fara kwance ƙusoshin layin tsakiya. Sai da ya kwance kusan goma sannan ya yi wa mai faci magana, bai ɗago ba.

"Mutumina, zo ka riƙe mini tayar nan tana juyawa."

Da aka cire na tsakiya ƙarar ta ragu, birki ya dawo yana kamawa. A miƙe roba ce ke taka kwalta. Sai taya ta nutse ko ta karkata sannan ƙusoshin gefe su sami ƙasa. Mai faci ya ja mini kunne cewa a kan kwalta in riƙa shan kwana kamar mai ɗauke da ƙwai.

Saura gwaji a laka, sai ruwa ya ɗauke. Lahadi rana, Litinin rana. Ni da nake fargabar hadari sai ga ni ina fita tsakar gida ina duban gabas. Ranar Talata bayan sallar asuba aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba sai da gari ya waye sarai. Na je na ɗauko allura na dawo gida in ɗaure kula a bayan babur, sai na tarar da Baffa a ƙofar gida, ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaure babbar rigarsa a ƙugu.

"Ba sai ka ɗaure ba, ni zan riƙe. Tayar baya tana son nauyi."

"Baffa, in muka faɗi fa? Me zan gaya wa mutanen gida?"

"Ka ce ni na kayar da kai. Hau mu tafi, ƙanƙara ba ta jira."

Muka bi kwalta a hankali, muka hau burji. Can muka hango raken fadama. Ruwa ya kwanta a hanyar, lakar tana sheƙi, ga sawun wani mai keke da ya zame ya bar dogon zane. Na tsaya a bakin wurin.

"Sa giya ta biyu," in ji Baffa a kunnena. "Kada ka taɓa birki, kada ka ƙara wuta, kada ka rage. Ka dubi inda za ka, ba inda kake ba."

Na saki kuloci muka shiga. Tayar gaba ta ɗan yi rawa, na ji bayan ya fara zamewa hagu kamar yadda ya saba, har na fara sauke ƙafa. Sai na ji wani abu ya kama a ƙarƙashinmu, kamar an cafke ƙasa da farce. Babur ɗin ya miƙe ya ci gaba. Ya sake zamewa, ya sake kamawa. Taɓo yana tashi a bayanmu, injin yana gurnani, muna tafiya. Baffa ya manta a babur yake. Yana ta ba ni umarni irin na babbar mota, in yanke dama, in ba ta hanya, in bar ta ta ci da kanta, yana dukan kafaɗata da hannu ɗaya, ɗayan yana rungume da kula. Wasu manoma da ke gyaran kunya a gonar rake suka miƙe da fartanyoyinsu suna kallon saurayi da tsoho suna keta lakar da ko jaki sai an ja shi. A wuri mafi muni, inda na kwanta satin da ya wuce, ruwa ya kai mana ƙauri, na ji ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Muka fita ta ɗaya gefen a kan tayoyinmu.

Da muka hau busasshiyar ƙasa na tsaya. Na waiwaya. Baffa ya yi faca-faca da taɓo tun daga hula har gemu, yana dariya ba sauti, hawaye na bin kumatunsa. Ya sauka ya tsuguna ya ƙirga ƙusoshin da yatsa. Biyu ne kawai suka fita.

Mun isa ƙauyen hantsi bai gama ɗagawa ba. Na buɗe kula, ƙanƙara tana nan da ƙarfinta. Mai unguwa ya aika aka yi shela, mata suka fara fitowa, kafin azahar na yi wa duk yaran da aka kawo, har da na satin da ya wuce. Ina aiki ina jiyo Baffa a gindin wata tsamiya, an kawo masa ruwa ya wanke fuska, an ba shi fura, maza sun kewaye shi da babur ɗin yana yi musu bayani. Maganar da ya yi a ranar ta fi wadda na ji daga bakinsa a shekara guda.

Daminar nan ban sake makara ba. Abokan aikina biyu da suke da irin hanyata suka kai tayoyinsu wurin mai faci, gwangwanin madarar nan ya ƙare, mai ƙusa ya shiga neman irinsu har Kano. Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, na mayar da tayar kwalta, tayar mai ƙusoshin kuma Baffa ya rataye ta a zaure ya ce ba mai taɓa ta sai baɗi.

A hanyarmu ta dawowa a waccan Talatar, bayan mun sake ƙetare fadamar mun hau burji, ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Na ɗauka wani abu ne ya faɗi. Ya sauka ya zagayo ta gaba yana duban hannun babur ɗin.

"Wanne ne kulocin a nan?"

Na nuna masa. Ashe duk shekarun da ya yi a kan hanya bai taɓa tuƙa babur ba. Na ce idonsa fa? Ya ce burjin nan ba kowa, kuma ai ina bayansa, in na ga rami in faɗa masa. Na rataya kula a kafaɗa na koma baya. Sau uku yana sakin kuloci da sauri injin yana mutuwa. A na huɗu muka tashi da tsalle, muka tafi a giya ta ɗaya, yana riƙe da hannun da ƙarfi kamar sitiyari, ni ina gaya masa dama, hagu, a hankali. Haka muka yi ta rarrafawa har muka hango kwalta, sannan ya yarda ya ba ni.